Haɗin 'ya'yan itace da yogot na karin safe: me ya sa yake tsinkewa, wani lokacin har ya yi ɗaci?

Maman 'Yan Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Zafin nan na watan Afrilu ya sa yara ba sa son kunu ko shayi da safe, sai abu mai sanyi. Ina markaɗa musu mangwaro, kankana, abarba, wani lokacin gwanda, in zuba yogot da ƙanƙara a bilenda. Abu uku ke damuna. Yana tsinkewa, kafin a shanye ruwa ya kwanta a ƙasa kumfa ta hau sama. In na haɗa shi tun dare don in rage aikin safe sai in tarar ya yi ɗaci. Sannan ba ya riƙe ciki, kafin ƙarfe goma an fara neman abinci. Bilendata ƙarama ce, wutarmu kuma yawanci da daddare take zuwa. Don Allah masu sani a ba ni awo takamaimai, a kuma gaya min inda nake kuskure.

Uwargida Mai Girki ta amsa:

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ki fara da cire ƙanƙarar nan. Ita da kankana su ne suke tsinka miki haɗin. Kankana kusan kashi 92 cikin ɗari na jikinta ruwa ne, ga ƙanƙara kuma ruwa ce zalla, da ta narke sai ki ga kin shayar da yara ruwa mai launi. Sanyin da kike nema ki samo shi daga jikin 'ya'yan itacen, wato ki daskarar da su a firiza. Daskararren mangwaro da daskararriyar ayaba suna ba da sanyi da kauri a lokaci guda, kuma ko sun narke ba su zama ruwa.

Tunda wutarku ta dare ce, to kin dace. Da magariba ki wanke mangwaro sosai, musamman wajen hancinsa inda ƙaro yake tsiyaya, ki fere, ki yanka kamar girman kan babban yatsa. Ayaba ki zaɓi wadda ta nuna har bayanta ya fara ɗigo-ɗigon baƙi, ki ɓare ki yanka zobe-zobe. Kada ki sa ayaba a firiza da ɓawonta, ɓare ta bayan ta daskare wahala ce. Ki jera su a faranti ɗaya bayan ɗaya, kada su hau kan juna, ki sa a firiza awa biyar zuwa shida. In sun yi tauri sai ki juye a leda ko roba mai murfi. In kika zuba su a leda tun suna ɗanyu za su dunƙule su zama dutse guda, kuma wannan dutsen shi ke karya wuƙar bilenda.

Awon mutum biyu, da kofi mai cin mililita 250: yogot mai kauri marar sukari kofi 1, daskararren mangwaro kofi 1 da rabi, ayaba matsakaiciya 1, dabino 2 ko 3 da aka cire ƙwallo aka jiƙa, sai madara ko ruwan sanyi rubu'in kofi. Zai ba ki kofi biyu da ɗoriya. Busasshen dabino irin wanda ake kawowa daga Nijar sai ya kwana a ruwa, ko a jiƙa shi a ruwan zafi rabin awa, in ba haka ba ɓarɓashinsa zai zauna a ƙasan kofi. Ruwan jiƙon kada ki zubar, shi za ki yi amfani da shi a madadin rubu'in kofin nan. In mangwaron ya nuna da kyau ma dabinon ba dole ba ne, ki ɗanɗana tukuna.

Yadda ake jerawa a bilenda yana da muhimmanci, balle ƙarama. Ruwa da yogot su fara shiga, su rufe wuƙar. Sai dabino. Ki markaɗa waɗannan su kaɗai kamar daƙiƙa ashirin har dabinon ya narke. Daga nan ki zuba daskararrun, rabi-rabi. Ki fito da su daga firiza minti biyar kafin lokacin don bayansu ya ɗan saki. Ki riƙa kunnawa kina kashewa sau biyar ko shida kafin ki bar ta ta yi gudu, kuma kada ta wuce minti ɗaya a jere. In kika ji ƙarar injin ta canza, wuƙa tana juyawa amma haɗin bai motsi, iska ce ta taru a kewayen wuƙar. Ki kashe, ki juya da cokali, ki ƙara ruwa cokali biyu kawai. Nan ne mutane ke ɓata haɗi, sai su kwarara ruwa kofi guda.

Kumfar da kike gani a sama daga dogon markaɗe take, iska ce ta shiga. Da ya yi sumul ki tsaya.

Game da irin mangwaro: mai zare yana da zaƙi da ƙamshi, amma zarensa yana nannaɗe wuƙa yana kuma maƙale wa yara a wuya. In shi ne a hannu, ki matse shi a rariya, ki zuba ruwan mai kauri a abin yin ƙanƙara ya daskare. Manyan nan masu tsoka marasa zare sun fi sauƙin aiki. Kankana kuwa ban ce ki daina ba, sai dai ki cire 'ya'yanta, ki daskarar da ita, kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku na 'ya'yan itacen, kuma ranar da kika sa ta kada ki ƙara ruwa ko kaɗan. A ganina ma kankana ta fi daɗi a yanka ta a ci a gefe.

Malamin Kimiyyar Abinci ya amsa:

Hajiya ta gama da maganar kauri. Ni ɗacin zan ɗauka, domin da yawa suna ɗora laifin a kan yogot, su ce ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau.

Abarba ce da gwanda. A jikin ɗanyar abarba akwai wani sinadari mai suna buromelin, a jikin gwanda kuma akwai fafayin. Aikinsu ɗaya: suna sassara furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama da madara. Shi ya sa ake naɗe nama mai tauri da ganyen gwanda ya yi laushi, shi ya sa kuma harshe ke yin zafi in an ci abarba da yawa. To furotin na madara ma haka suke yi masa. In suka zauna tare da yogot, sai su yanyanka shi zuwa ƙananan gutsattsari, kuma waɗannan gutsattsarin ɗaci gare su. A lokaci guda kaurin yogot ɗin yana rushewa, domin furotin ɗin ne yake riƙe da ruwan. Kin ga ke nan abarbar tana da hannu har a tsinkewar da kike kuka da ita.

Sanyi yana rage saurin aikin amma bai tsayar da shi. Daskarewa ma ba ta kashe sinadarin, da ya narke zai ci gaba daga inda ya tsaya. Zafi ne kaɗai ke kashe shi. Saboda haka hanya biyu ce. Ko dai a markaɗa a sha nan take, cikin minti goma zuwa sha biyar, kafin ɗacin ya fito. Ko kuma a yanka abarbar a tafasa ta da ɗan ruwa minti biyar, ta huce, sannan a daskarar. Abarbar gwangwani ba ta da wannan matsalar don an riga an dafa ta, sai dai tana zuwa cikin ruwan sukari. Gwanda kuwa sinadarinta ya fi jure zafi, kuma dafaffiyar gwanda ba ta da daɗi a haɗi, don haka a zaɓi wadda ta nuna luguf, a kankare 'ya'yanta tas don su ma suna da yaji da ɗaci, a fere da kauri, a sha nan take. Sinadarin ya fi yawa a ɗanyar gwanda mai farin ƙaro.

Lemon zaƙi ma yana kawo ɗaci ta wata hanyar. Farin ɓargon da ke ƙarƙashin ɓawo da 'ya'yan ciki in suka shiga bilenda sun ɓata haɗin, kuma ruwansa in ya jima bayan matsewa yana ƙara ɗaci da kansa. A matse shi da hannu a tace, a zuba a ƙarshe.

Ayaba ba ta ɗaci, launi take ɓatawa. In an markaɗa ta ta haɗu da iska sai haɗin ya koma ruwan toka. Ƙaramin cokali ɗaya na ruwan lemon tsami yana jinkirta hakan. Lemon tsami bai cutar da yogot tunda shi ma mai tsami ne, amma in madara zalla aka yi amfani da ita zai sa ta yi gudaji.

Shawarata, 'yar uwa, ki daina markaɗawa tun dare gaba ɗaya. Aikin dare shi ne wanki, fira, yanka, jiƙa dabino da daskararwa. Markaɗen kansa minti biyu ne. Akwai kuma dalilin lafiya da ya fi na ɗanɗano nauyi. Ƙa'idar da masana tsaftar abinci suke bi ita ce abinci mai saurin lalacewa kada ya wuce awa biyu a waje, in kuma zafi ya haura digiri 32, awa ɗaya. A Kano, Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu zafin rana yana kaiwa digiri 40, wani lokacin ya wuce. Haɗin madara da sukarin 'ya'yan itace wuri ne da ƙwayoyin cuta suke hayayyafa da sauri. Kada a zuba wa yaro a gora ya tafi da shi makaranta sai lokacin tara ya sha, sai dai in fulas ne mai riƙe sanyi da aka ɗauraye da ruwan sanyi kafin a zuba.

A wanke bayan kankana kafin a yanka, domin wuƙa tana kwasar dattin bayan ta shigar da shi ciki. Yankakkiyar da ta wuni a tire a bakin titi ba ta dace da wannan haɗin ba. Ƙanƙarar bulo da ake saya don sanyaya lemo, ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, aikinta a bayan kwalba ne ba a cikin kofi ba.

Mai Kindirmo ta amsa:

Duk abin da aka faɗa daidai ne, amma an wuce wani abu da sauri. Yaya, wane irin yogot kike zubawa? In na gora ne wanda ake sha, shi ma tsinkakke ne, an riga an sirka shi an zuba masa sukari. Ko me kika daskarar ba zai yi kauri yadda kike so ba. Ki nemi mai kauri wanda cokali ke yanka, ko kindirmo.

Kindirmo da nono ba ɗaya ba ne. Kindirmo madara ce da aka bari ta yi barci da man shanunta a ciki. Nono kuwa an kaɗe shi an cire man shanu, sau da yawa an ƙara ruwa. Don wannan haɗin kindirmo ya fi, man da ke ciki shi ke sa laushi a baki, shi ke sa kuma a jima ba a ji yunwa ba. Sharaɗi ɗaya: a tabbata an dafa madarar kafin a ɗaura. Ɗanyar madarar shanu tana iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka na shanu da na bakkale, cutar da ke sa shanu ɓari, kuma tsami bai isa ya kashe su ba.

In babu amintaccen wuri, yi a gida ya fi, kuma a zafin nan ba ya wahala. Madarar gari mai cikakken mai kofi 1, ruwa kofi 3. A dama a ɗora a wuta ana juyawa har ta fara tururi da ƙananan kumfa a gefen tukunya, wajen digiri 85. A sauke ta huce zuwa digiri 43 zuwa 45, wato in kin sa tsaftataccen yatsa za ki iya ƙirga goma ba tare da ya ƙone ki ba, amma kina jin ɗumin sosai. Ki ɗebi kaɗan ki dama iri a ciki, babban cokali 2 na yogot marar sukari ga kowace lita, ki mayar ki juya sau ɗaya a hankali. Ki rufe, ki ajiye inda ba za a taɓa shi ba. Lokacin sanyi yana cin awa takwas ko fiye, amma a bazara ki duba shi daga awa biyar. Da ya kama ki kai shi firji. In kika bar shi ya zarce zai yi tsami mai kaifi ya saki ruwa.

In bai kama ba, ɗayan biyu ne: ko an zuba iri madarar tana da zafi ta kashe shi, ko irin ba shi da rai. Yogot ɗin da ke zama a kan kantar shago watanni ba firji an dafa shi bayan an yi, ba ya zama iri. In ya yi yauƙi, yawanci madarar ta huce da yawa kafin a ɗaura ko irin ya tsufa. Yawan iri ma bai ƙara kauri, tsami yake ƙarawa.

Mai son kauri sosai ta shimfiɗa farin ƙyalle mai tsafta a rariya, ta zuba yogot ɗin, ta ɗora a kan kwano a firji awa biyu zuwa uku. Ruwan da ya tsiyaye mai ɗan rawaya a ajiye, da shi za a sassauta haɗin in ya yi kauri da yawa.

Sai maganar riƙe ciki, wadda ba a taɓa ba. 'Ya'yan itace da yogot kaɗai ba za su kai yaro azahar ba. Abin da ya fi dacewa muna da shi a gida: fura. Rabin ƙwallon fura matsakaici ga awon mutum biyun da Hajiya ta bayar, a marmasa ta a cikin yogot ɗin a fara markaɗawa tare da dabino. Gero yana shan ruwa, don haka a ƙara ruwa babban cokali uku ko huɗu. Citta da kanumfarin da ke cikin furar suna tafiya da mangwaro da ayaba sosai, amma fura mai barkono da yawa ba ta shiga. Soyayyar gyaɗa da aka murje babban cokali 2 ita ma tana taimakawa, a tsince masu fumfuna da masu ɗaci a zubar. Garin 'ya'yan kuka, farin nan na cikin ƙwanso ba na miya ba, babban cokali 1 yana ƙara kauri yana hana ruwa rabuwa, shi ya sa masu tallar nono suka daɗe da saninsa. Yana da tsami, in an sa shi a bar lemon tsami.

Baban Gida ya amsa:

Ni wajen wuta da kayan aiki zan ce wani abu. Firiza cikakkiya in ba a buɗe ta ba tana riƙe daskarewa kusan kwana biyu bayan ɗauke wuta, mai rabin kaya kwana ɗaya. Firji kuwa wajen awa huɗu ne. Don haka a cike gurbin da ya rage a firizar da gorunan ruwa, a bar ɗan fili a wuyan kowace gora don kada ta fashe, a tura 'ya'yan itacen can ƙasa tsakaninsu. Yogot ma in wuta za ta daɗe a mayar da shi kula tare da daskararrun gorunan nan. 'Ya'yan itacen da suka narke har suka yi ɗumi suka fara warin tsami ba a mayar da su firiza, zubarwa ake yi.

In da safe babu wutar kunna bilenda, ba a fasa ba. Nunanniyar ayaba ana iya dama ta da bayan ludayi, mangwaro a matse a rariya, a zuba a yogot mai sanyi a burga da maburgi kamar yadda ake dama fura. Ba zai yi sumul kamar na inji ba, amma ana iya shansa. Ƙananan bilendoji masu caji suna iya wannan aikin da 'ya'yan itace masu laushi, ba su iya daskararru masu tauri.

Wanda ba shi da firji kwata-kwata, tukunya cikin tukunya tana taimakawa: ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen buhu a sama, a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ita ce dabarar da Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Tana aiki sosai a busasshen zafin bazara, tana raguwa da damina ta kawo laima. Za ta sanyaya mangwaro da kankana da ba a yanka ba, amma sanyinta bai kai na firji ba, kada a dogara da ita a ajiye yogot kwanaki.

A wanke bilenda nan take. A zuba ruwa rabi da ɗigon sabulu a kunna daƙiƙa goma, sannan a kwance gindin a fito da robar da ke zagaye da wuƙar a wanke ta daban. A ƙarƙashin robar nan madara ke maƙalewa ta ruɓe, washegari sabon haɗi ya ɗauki wari a rasa daga ina.

Maman 'Yan Biyu ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri, na gano yogot na gora da abarba su ne manyan masu laifi. Saura tambaya biyu. Zan iya sa zuma a madadin dabino, har in ba ƙaramar mai wata tara? Sannan surukata tana da ciwon sukari, tana son sha.

Malamin Kimiyyar Abinci ya amsa:

Zuma a'a ga jaririyar. Ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma ko ɗigo, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke fitar da guba mai shanye jiki, kuma hanjin jariri bai yi ƙwarin hana ta tsiro ba. Ki ɗebar mata nata kafin ki sa wani abin zaƙi: yogot marar sukari na dafaffiyar madara da ayaba ko mangwaro, cokali kaɗan, ba mai sanyi ƙarara ba, kuma ƙari ne a kan nonon uwa. Ga manyan yaran zuma babban cokali 1 ya isa awon mutum biyu, a dama ta a yogot tun farko, don in ta haɗu da daskararru tana dunƙulewa ta manne a jikin bilenda.

Ita kuma Mama, a yi mata nata daban. Ayaba matsakaiciya tana da sukari wajen giram 14, kofi ɗaya na yankakken mangwaro ya haura giram 20, kuma abin sha ya fi saurin wucewa fiye da abin da ake taunawa. Babu dabino, babu zuma, babu fura a nata. Yogot mai kauri marar sukari kofi 1, 'ya'yan itace iri ɗaya rabin kofi, gyaɗa babban cokali 1, a ƙaramin kofi. In tana da abin gwajin sukari ta gwada kafin ta sha da kuma awa biyu bayan ta sha, ta nuna wa likitanta sakamakon kafin ya zama na kullum.